Ƙashin da Na Ciro Daga Rijiyar Babana

Jama'a, abin nan da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi da ana sayar da jiya a kasuwa da tuni na kaɗar da tukubata na sayo ta. Shekara goma sha wani abu ke nan, lokacin ina da tukubar tsire a Kaura Namoda, can wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, zamanin da mutum zai shiga mota ya tafi Shinkafi ko Zurmi ya dawo ba tare da uwarsa ta kama carbi ba. Ni dai asalina ɗan wani ƙauye ne a tsakanin garuruwan nan biyu, sunansa kuwa ku bar ni da shi, don yanzu ko kun je ba za ku tarar da kowa ba.

Gidanmu gidan masu haƙar rijiya ne. Kakana shi ya haƙa rijiyar garinmu, Babana ya gaje shi, yayana Mudi ya gaji Baba, ni kuwa da yake ni ne auta, kuma tun ina ƙarami idona na kan birni, sai na ce ni ba zan ƙare rayuwata cikin rami kamar gafiya ba. Na faɗi wannan maganar a gaban Baba, dariya kawai ya yi. Amma kafin in bar gida sai da ya sauka da ni rijiyar nan sau ɗaya lokacin yasa, wato kwashe lakar da ke toshe idon ruwa, wanda ake yi duk bazara. A can ƙasa, a zurfin gaba goma sha biyu, ya haska mini wani abu da ba kowa ya san da shi ba sai 'yan gidanmu. Wasu ƙasusuwa ne a jere a jikin bangon rijiyar, kowane ɗaya kamar ƙaramin turmi, sun fito daga wannan gefe sun shige wancan, sun zama dutse, kuma daga ƙarƙashinsu ruwan ke ɓulɓulowa.

Baba ya dafa ɗaya da tafin hannunsa ya yi sallama, yadda za ka yi in ka shiga ɗakin tsohuwa. Sannan ya ce da ni, "Auta, wagga Tsohuwa ta riga mu zuwa. Kakanka nan ya ishe ta, ni ma nan na ishe ta. Ba bauta muka yi mata ba, halittar Allah ce, maƙwabtaka ce kurum. In ka sabko ka yi sallama, ka kwashe laka da hannu, ƙarhe ba shi taɓa ta. Ka jiya?" Na ce na ji. A raina kuwa cewa nake, tsofaffi dai da camfi.

To, kun san mai tsire ba ya rabuwa da tsohuwar jarida, da ita muke naɗe nama. Wata rana magadan wani tsohon akawun jirgin ƙasa suna share ɗakinsa bayan ya rasu, suka kira ni suka ce in kwashe wata adaka cike da jaridu, tun na zamanin Turawa, duk sun yi ja kamar an fesa musu ruwan goro. Ina zaune da hantsi ina yayyaga su gida huɗu huɗu, sai hannuna ya tsaya a kan wani hoto. Wani Bature ne da hular kwano a tsaye, ga wani baƙin mutum kwance a ƙasa kusa da wani ƙashi da ya fi shi tsawo, a bayansu kuma ga wasu abubuwa a jere kamar turame. Kai! Wallahi ko a mafarki aka nuna mini su zan gane su, irin na rijiyarmu ne sak.

Turancina bai wuce na ciniki ba, don haka na ajiye shafin har la'asar, lokacin da Malam Garba ke zuwa. Shi tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, kullum yana zaune a bencina, hira da yawa, sayen nama kaɗan. Ya gyara tabarau ya karanta, ya ce ai labarin wasu masu bincike ne da suka tono ƙasusuwan wata dabba a can cikin sahara, arewa da mu. Wai sunanta dainoso, siffarta kamar ƙadangare amma giwa a wajenta 'yar tunkiya ce, kuma wai irinta sun ƙare tun kafin ɗan Adam ya taka doron ƙasa, in ji su. An kwashe ƙasusuwan an kai gidan tarihi, mutane na biyan kuɗi suna kallo. Sai ya sa yatsa a ƙarƙashin hoton ya ce, "Ka ga wanga da ke kwance? Makiyayi ne, shi ya nuna musu wurin. Ga sunanai nan an buga. Shi ya mutu, Baturen ya mutu, amma ga mu yau muna karanta sunanai a Kaura."

Wannan maganar ita ta kashe ni. Ba kuɗi na hango ba, kada ku zalunce ni, suna na hango. Ni da ake kira Mai-tsire tun safe har yamma, ni ɗan mai shiga rami, in wayi gari hotona a jarida, sunan gidanmu a rubuce. Har na riƙa yaudarar kaina cewa ai don Baba zan yi, mutumin da ya shayar da ƙauyuka ba adadi amma ko a Shinkafi ba kowa ya san shi ba. Na tambayi Malam Garba, in mutum ya san inda irin wannan yake fa? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ai masu ilmi ba su yarda da baki, sai sun ga abu a hannu.

Bazara na kamawa na tafi gida, na ce bana ni zan yi yasa. Yaya Mudi ya yi ta yi mini tsiya, wai yau ɗan birni ya tuna da gafiya. Baba kuwa a lokacin ƙarfi ya ƙare, idonsa ya yi hazo, ba ya sauka kuma, sai dai a shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiyar da ke kusa da rijiyar ya zauna yana saurare. Da ya ji ni zan sauka, wallahi fuskarsa ta cika da murna, har ya kama hannuna ya sa mini albarka. Ya Allah. A lokacin kuwa akwai guntun dagi da na ɓoye a cikin buhun da nake ɗaure da shi a ƙugu.

Rana ta take tsaka lokacin da na kai ƙasa, ruwan ya kawo mini gwiwa, sanyi ƙarara. Ban yi sallama ba. Ba mantawa na yi ba, kunya ce ta hana ni, don ba ka yi wa mutum sallama alhali sata ka zo yi masa. Na cika guga biyar da laka suna ja, don kada a zargi komai, sannan na zaɓi ƙashin da ya fi fitowa waje, na sa masa dagi. Bugu ɗaya, biyu, a na uku ya ɓalle ya faɗo mini a ƙirji, nauyi kamar dutsen niƙa.

Abin da ya biyo baya, na rantse da wanda raina ke hannunsa, haka ya faru. Komai ya yi tsit. Hayaniyar mata da nake ji daga sama, da kukan awaki, duk suka ɗauke kamar an toshe mini kunne. Sai na ji wani numfashi ya fito daga ramin da na ɓalle, dogo, mai ɗumi, irin na saniya in ta kwanta bayan doguwar tafiya, amma wannan ya ƙi ƙarewa, har rigata tana kaɗawa. Na duba ƙasa, sai na ga ruwan yana janyewa, daga gwiwa ya koma ƙwauri, daga ƙwauri ya koma idon sawu, a hankali, kamar wani abu ne ya kafa baki yana sha. Ban san lokacin da na cusa ƙashin a buhu, na lafta masa laka, na girgiza igiya ba.

Da na fito, Yaya Mudi ya ce me ya yi nauyi haka a buhun nan, na ce wani dutse ne da ya toshe ido, zan kai Kaura in riƙa wasa wuƙa. Ya yarda. Amma Baba ya kira ni daga gindin tsamiya, ya juyo da fuskarsa inda nake, ya ce, "Auta, na ji ƙarar ƙarhe."

Na ce, "A'a Baba, guga ce ta bugi marmara."

Ya ce, "Guga?"

Na ce, "Wallahi guga ce."

Kun ji fa, har da wallahi. Ya ce to, Allah shi yi albarka. Ko la'asar ban jira ba na nemi mota.

Da na koma Kaura na kai wa Malam Garba ƙashin ya gani. Ya zauna ya rubuta wasiƙu da Turancinsa mai kyau zuwa ga masu ilmin irin wannan abu, ya ce in sa ido, kwanan nan zan ga motoci a ƙofar gidana. Har yau da nake ba ku labarin nan ko amsa ɗaya ba a aiko ba, Malam Garba ma ya rasu yana jira. Ni kuwa na naɗe ƙashin a cikin shafin jaridar nan mai hoto, na tura shi ƙarƙashin gado.

Kwana uku, maiɗakina Rabi ta tare ni da faɗa, wai wane ne ke zubar mata da ruwa a ƙarƙashin gado. Na leƙa, jaridar ta jiƙe sharkaf, hoton ya narke, Baturen da makiyayin da sunan da na yi ta kwaɗayi duk sun zama dagwalo. Na goge ƙashin na shanya shi a rana, a zafin nan na bazara da ko ƙadangare ke neman inuwa, ya bushe ƙayau. Washegari rana na take tsaka ya fara tsattsafo da ruwa, ɗis, ɗis, har aka kira azahar, sannan ya tsaya. Jibi haka, gata haka. Rabi ta sa kwano a ƙarƙashi, kullum sai ya kusa cika. Ta ce, "Maigida, wanga abu ka hid da shi gidan nan, ni ban kwana ɗaki guda da dutsen da ke zuhwa." Na daka mata tsawa, don a lokacin ba ni da abin da na iya sai tsawa.

Ran nan dai na yi ƙarfin hali na tsoma yatsa na ɗanɗana. Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ruwan rijiyar garinsu ko a cikin dubu. Namu yana da wani ɗan ɗanɗanon kanwa a ƙarshen harshe. Shi ne. Ruwan da na sha tun ina jariri, shi ne ke ɗiga a ƙarƙashin gadona a Kaura Namoda.

A makon ne wani direba ɗan garinmu, mai jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, ya tsaya a tukubata ya ce mini rijiya ta ƙafe. Rijiyar da ko a shekarun fari ba ta taɓa gazawa ba. Mata sai sun yi tafiyar rabin yini zuwa gulbi su tona yashi. Ya ce mutane sun fara magana, wai albarkar gidanmu ce ta ƙare, wai tsoho ya tsufa ya bar rijiya ta lalace. Kuma wai Baba, da tsufansa da makantarsa, ya sa an ɗaura masa igiya an zura shi har ƙasa, ya daɗe a can, da aka jawo shi aka tambaye shi me ya gani, sai ya ce ruwa na Allah ne, shi ka ba da shi, shi ka karɓe abinai. Ni kuwa na san abin da ya je yi. Laluben bangon ya je yi da hannunsa, kuma ya ji giɓin.

Direban ya juya zai tafi sai ya ce, "Af, tsoho ya ce in gaya maka, wai ka maido ma Tsohuwa kayanta. Wace tsohuwa ce kuma?" Na ce wata gwaggonmu ce na ari tabarmarta. Ƙarya dai in ta fara haihuwa ba ta yaye.

Ga inda na fi jin ciwo. Ba hana ni aka yi ba, hanya lafiya lau, mota kullum tana tashi. Kunya ce kawai. Ina tunanin yadda zan sauka a gaban gari da buhu a kafaɗa, matan da ƙafafunsu suka tsage saboda tafiyar gulbi su gane ni ne, in tsuguna a gaban Baba in ce na yi rantsuwa a kan ƙarya. Sai in ce bari a yi sallah. Aka yi sallah, na ce bari ruwa ya sauka, wataƙila damina ta gyara. Damina ta zo, kowane tafki ya cika, rijiyarmu ko laima. Sau uku Baba yana aiko direban nan, saƙon bai taɓa canzawa ba, bai kuma taɓa haɗawa da zagi ba. Da ma zagina ya yi, wataƙila da na tafi.

Sai da bazara ta sake zagayowa, wata safiya Rabi ta ajiye mini buhun a gabana ta ce ko in kai shi yau ko ita ta tafi gidansu. Ranar kasuwar Shinkafi ce, na shiga mota, na sauka a mararraba na ƙarasa da ƙafa, buhu a bayana. Rana na take tsaka na ji ruwa ya fara bin gadon bayana. Ina shiga gari na hango maza zaune jugum a ƙofar gidanmu.

Baba ya cika da hantsi. Na tambaya ko an kai shi, aka ce a'a, jira ake. Jiran me? Jiran jakin da aka tura gulbi ya kawo ruwan da za a yi masa wanka. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana fito wa mutane da ruwa daga ƙasa, yau gawarsa na kwance ana jiran jarka biyu a bayan jaki. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar mutane, ruwan rijiyarsa yana ɗiga daga buhuna yana jiƙa ƙasa. Ba wanda ya lura sai Yaya Mudi. Ya dubi buhun, ya dubi ƙasa, ya dube ni.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ya ja ni bayan gida. Ya ce wata biyu da suka wuce Baba ya sa an cike rijiyar, don al'adar gidanmu ce, rijiyar da ta mutu mai ita ke rufe ta da kansa kada yaro ko dabba su faɗa. Kuma sai daren jiya Baba ya gaya masa abin da ya lalubo a can ƙasa, ya kuma hana shi gaya wa kowa. Na kama hannun Yaya ina kuka kamar mace, na ce don Allah, Baba ya ce ya yafe mini?

Yaya ya ce, "Na tambaye shi. Ya ce ƙashi ba nashi ba ne balle shi yahe. Rantsuwar da kay yi mai kuwa, ya ce Auta na nan tahe, shi zai hwaɗi da bakinai, sannan in yahe mai gaba da gaba. Har ya cika, kunnenai na wajen ƙohwa."

Shekarar da ta biyo, ni da Yaya muka sake tone rijiyar, mu biyu, muka ce wa mutane gwada sa'a za mu yi. Wurin ba ɓoyayye ba ne, ga tsamiya, ga bakin rijiya. Muka bi ramukan taka ƙafa da kakanmu ya sassaƙa, ɗaya bayan ɗaya, har gaba goma sha biyu. Na sauka da ƙashin a goye, na yi sallama da ƙarfi, na haska fitila. Babu komai. Inda ƙasusuwan suke a jere sai wani dogon kogo, ya shiga wannan gefe ya fita wancan, ga shatar kowane ƙashi a jikin ƙasa kamar inda aka ɗauke tukwane, bushe ƙurmus. Ba ɓurɓushi, ba alamar an tona. Yaya da ya sauko ya gani, sai ya ce a hankali, "Ta tashi." Muka hau, muka mayar da ƙasa.

Daga baya kun san abin da ya sami yankinmu. Mutanen daji suka matsa, garin da ba ruwa dama ba ya riƙe mutane, kowa ya watse, wasu Shinkafi, wasu Zurmi, wasu nan Kaura. Yau ko kabarin Baba ba ni da halin zuwa.

Ƙashin yana nan a wurina, a wani ɗan ɗaki a bayan gida, don na rasa inda zan kai shi, kuma ba zan jefar ba. Har gobe in rana ta take tsaka yana ɗiga, in an kira azahar ya tsaya. Na kai wa malamai, wani ya ce aljanu, wani ya ce in yi ta istigfari, wani mai boko ya ce wai dutse ne ke jan laima. To laimar Kaura ce ke da ɗanɗanon rijiyar garinmu? Bara, ran nan ina canza kwanon, sai na ji zuciyata ta karye, na dafa shi da tafin hannu yadda Baba ke yi, na ce salamu alaikum. Wallahi tallahi, daga bayana, a ɗakin da ba taga, sai na ji dogon numfashin nan mai ɗumi a ƙeyata. Ban waiwaya ba, kuma ban sake yin sallamar ba.

Shawarata gare ku ba ta da yawa. Abin da kuka tarar iyayenku na lallaɓawa, ko ba ku gane dalili ba, ku bar shi inda yake, ba komai ne aka yi don a buga a jarida ba. In kuma tsohonku ya aiko a kira ku, ko me kuka yi masa, ku tashi a ranar, kada ku ce sai bayan sallah. Ni har yanzu ina sayar da tsirena, ina naɗewa da tsohuwar jarida, amma in na ci karo da shafi mai hoto sai in kife shi in ɗora nama a bayansa. Ga shi ma rana ta kusa take tsaka, bari in je in sa kwano.